Jaguwa, Damisar Bakin Ruwa

Wanda ya san damisa, in ya ga hoton jaguwa sai ya rantse ita ce. Amma a dubi fatarta da kyau. Cikin zanen da ke bayan jaguwa akwai ɗige-ɗige baƙaƙe a tsakiya. Na damisa babu. Jaguwa kuma ta fi kauri da faɗin kai.

Ba a samunta a dajin Afirka. Gidanta nahiyar Amurka, tun daga Meksiko har arewacin Ajantina. A dangin kyanwa, zaki da damisar Asiya mai ratsi-ratsi ne kaɗai suka fi ta girma.

Mafi yawan jaguwa suna cikin kurmin Amazon. Sai dai can duhun itatuwa ya yi yawa, mutum kan shekara yana yawo bai ga komai ba sai sawu. Mai son ganinta ido da ido, sai ya nufi Pantanal. Wannan wata makekiyar fadama ce a Brazil, ta leƙa har Bolibiya da Faragwai. Da damina ruwa kan shafe ta. In rani ya yi, ruwa ya janye, sai namun daji su taru a bakin kogi, ita kuwa tana nan tana dako.

Mun saba kyanwa da ruwa ba sa ga maciji. To, ban da wannan. Ga kada kwance a kan yashi yana shan hantsi. Jaguwa za ta shiga kogi, ta yi iyo a hankali, kanta kawai ke waje. Ta ɓullo ta bayansa, tsalle ɗaya ta danne shi, ta kafa masa haƙora a ƙeya. Zaki maƙogwaro yake kamawa ya shaƙe. Ita ƙoƙon kai take fasawa. Ko ɓawon kunkuru ba ya gagararta. Tana kuma cin kafibara, wata dabba dangin ɓera mai girman tunkiya. Saboda wannan wadata, namijin jaguwa a Pantanal kan wuce kilo 100, nauyin buhun masara ke nan.

Akwai ta kuma a busasshen daji mai ƙaya, irin na yankin Cako a Kudancin Amurka. Jifa-jifa ma wani namiji kan tsallaka daga Meksiko zuwa jihar Arizona ta ƙasar Amurka.

Yau kusan rabin ƙasar da take yawo a da ya kuɓuce mata. An sare daji an shuka waken soya, an yi wa shanu makiyaya. In nama ya ƙare ta kama maraƙi, mai shanu kuwa ya ɗauko bindiga. Da wuya ka ga laifinsa, da wuya ka ga nata. A El Salbado da Yurugwai ta ƙare ƙaf. Ƙasar Beliz ta keɓe mata gandun dajin Cockscomb tun 1986. A gobarar da ta ci Pantanal a 2020 kuwa, masu ceto sun tsinci jaguwa da tafin ƙafa a ƙone, ko takawa ba ta iya yi.