Yadda Na'urar MRI Ke Bambance Ire-iren Ciwon Mantuwa Mai Kama Mutum Tun Bai Tsufa Ba

A ce wani magidanci a Kunya, cikin ƙaramar hukumar Minjibir, ɗan shekara 52, ya soma ɓata a hanyar gonar da ya shekara talatin yana nomawa. Wani sa'ansa kuma bai manta komai ba, sai dai kunya ta fita daga idonsa, yana ɗura ashar a gaban surukai. A gida za a ce sammu ne ko iska. Likita kuwa zai yi zargin ciwon mantuwa mai zuwa da wuri, wato wanda ke kama mutum kafin shekara 65.

Abin lura shi ne ciwon iri-iri ne, kowanne da sashen ƙwaƙwalwar da yake fara ci. Nan ne hoto ke shigowa.

Na'urar CT da hasken X-ray take aiki. Tana da sauri da sauƙin kuɗi, kuma ta isa ta nuna ƙari, taruwar ruwa, ko jinin da ya kwanta bayan faɗuwa daga babur. Waɗannan kan yi kama da ciwon mantuwa, alhali sau da yawa tiyata na magance su. MRI kuwa maganaɗisu take amfani da shi, kuma ta fi fito da ƙananan abubuwa. Akwai duka biyun a Asibitin Malam Aminu Kano.

A cutar Alzheimer, hoton kan nuna motsewar wani ɗan sashe mai suna hippocampus, inda ake adana sabbin abubuwa, kamar dai memorin waya. Ga masu ƙarancin shekaru, motsewar kan fi bayyana a sama zuwa bayan ƙwaƙwalwa. Matar da Alois Alzheimer ya fara gano cutar a jikinta ma, shekarunta 51 lokacin da aka kwantar da ita a 1901.

Magidanci na biyu ya fi kama da mai FTD, cutar da iyalan jarumin fim Bruce Willis suka sanar yana fama da ita a 2023. Ita goshi da gefen gaba take cinyewa, shi ya sa hali ko magana ke lalacewa kafin tunawa. Idan kuma hoton ya fito da fararen ɗigo-ɗigo da tabon toshewar jijiyoyin jini, hawan jini ake fara tuhuma, wanda kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu.

Bambancewar na da amfani, domin ƙwayar donepezil da ke ɗan taimaka wa mai Alzheimer ba ta yi wa mai FTD aiki, tana ma iya ƙara rikita shi. Sai dai hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Likita na haɗa shi da gwajin jini, gwajin tunani, da bayanin wanda ke zaune da marar lafiyar.

Kuskuren da matasa ke yawan yi shi ne ɗaga fim ɗin a rana, a ɗauke shi da waya, a tura wa likita ta WhatsApp. MRI ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan hotuna, fim kaɗan yake nunawa, WhatsApp kuma ya ƙara matse su. A roƙi faifan CD mai fayilolin DICOM, a kwafe a filashi ko Google Drive. Da shi likita zai gwada sabon hoto bayan shekara ɗaya ko biyu, ya ga inda motsewar ta ƙaru.