Na'urar neman ƙarfe a kufan kakanni

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, na'urar neman ƙarfe ta yawaita a ƙasarmu. Mai riƙe da ita yakan yi sha'awar gwada ta a kufai.

Yaya take aiki? Sanda ce mai faifai a gindi. Cikin faifan akwai waya nannaɗe, batir ke ba ta wuta. In faifan ya bi ta kan ƙarfe, sai ta yi ƙara. Tana jin kan mashi, munduwar tagulla, har gwangwanin banza. Ba ta jin tukunyar ƙasa, ba ta jin ƙashi.

Nan ɓarnar take. Mai haƙa don munduwa yakan fasa tukunya, ya watsar da gawayi. Alhali da gawayin nan masana ke auna shekarun wuri. Munduwar da aka tumɓuke ba a san zurfinta ba, ta zama tagullar kasuwa kawai.

Ku dubi Bura, wajen Tera. A 1983 malam Bube Gado ya tona wurin sannu a hankali. Ya samu ɗaruruwan tukwanen jana'iza da mahayin doki na yumɓu. Daga baya ƴan kwaɗayi suka afka wa kufan yankin, kaya suka tafi ƙasashen Turai.

Dokar 1997 ta hana haƙa kufai ba izinin gwamnati. In hauyarka ta turo tsohon abu, bar shi nan. Aza dutse don shaida, ka faɗa wa maigari, shi kuma ya sanar da hukuma.