Kumburin Muƙamuƙi: Wanda Ba Ya Zafi Shi Ne Abin Tsoro

'Yan uwana ɗalibai, mu dai zafi ne ke kai mu asibiti. In haƙori ya hana ka barci, gari na wayewa ka nemi likita. To amma akwai ƙari da ke tsirowa a cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, ba zafi ba zugi, sai dai gefen fuska ya yi ta tudu a hankali. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane, shi ya sa na ɗauko mana darasi a kai.

Wanda likitocin baki suka fi cin karo da shi a ƙasar nan shi ne amelobilastoma. Asalinsa ragowar ƙwayoyin da suka gina haƙori ne tun ana yara. Wajen kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, galibi can wajen haƙoran turmi, kuma ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, wato sa'o'inmu da yayyenmu. Ba kasafai yake bazuwa cikin jiki kamar ciwon daji ba, amma yana cinye ƙashi ta ciki kamar yadda gara ke cin azara. Haƙora su fara girgiɗi, tauna ta gagara, magana ta canza.

Na yara kuwa daban ne. A 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana shi a Yuganda, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Wannan kam daji ne, yana da alaƙa da yawan zazzaɓin cizon sauro, kuma cikin 'yan makonni yake cika fuska. Sai dai yana jin allurar daji sosai in an kai yaro da wuri.

Ta yaya ake ganewa? Likita zai duba baki ya tattaɓa wurin, sannan a ɗauki hoton ƙashi, wani lokacin har da hoton sikan. Amma hoto ba ya yanke hukunci. Sai an gutsuro ɗan nama an kai ɗakin gwaji an duba da madubin likita. Mu da ke karanta kimiyyar gwaje-gwaje mun san wannan ɗan guntun shi ke raba gardama: tiyata za a yi ko allura.

Shi amelobilastoma maganinsa tiyata. In aka kankare shi kawai, yakan dawo. Don haka ake yanke ɓangaren da ya kamu haɗe da ɗan ƙashi mai lafiya a gefensa, a cike gurbin da ƙarfe ko da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugu, haƙarƙari ko ƙwauri. A nan ne lokaci yake da tsada. Wanda ya zo yana kamar goro, ɗan yanki zai rasa. Wanda ya bari ya kai girman mangwaro, yana iya rasa rabin muƙamuƙi, kuɗin ma ya ninninka. Bayan aiki kuma sai an riƙa komawa ana dubawa shekara da shekaru.

In mun je hutu Kiyawa, Jahun ko Birnin Kudu, mu sa ido. Hangum kwana kaɗan yake yi ya saɓe. Duk kumburin da ya haura mako biyu, ko haƙorin babba ya yi girgiɗi ba dalili, ko leɓen ƙasa ya dinga mutuwa, kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, kada a tsaya shafe-shafe. A nufi sashen haƙori na Asibitin Rasheed Shekoni da ke nan Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. In aikin ya fi ƙarfinsu, za su tura Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A yi addu'a, a kuma hau mota.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.