Na'ura Mai Sarƙa Da Ƙafafu: Darasi Ga Masu Lambu A Ƙasa Mai Dausayi

Manoman lambu 'yan Arewa da ke shuka latas, alayyafo da albasa mai lawashi a kewayen Mile 2, Festac da Ojo, a kan hanyar Legas zuwa Badagry, sun san matsalar ƙasarsu. Yashi ne da laka, ruwa kuma yana kusa da sama, musamman a watan Yuni. Duk injin da ya shiga da tayar roba, ko ya kafe, ko ya danne ƙasar har saiwa ta kasa ratsa ta.

Wannan matsala ce ta sa Benjamin Holt ya gwada tarakta mai tafiya a kan sarƙa a shekarar 1904 a yankin Stockton na Amurka, inda manyan injuna ke nutsewa a gonakin fadama. Daga kamfaninsa aka sami Caterpillar a 1925, sunan da muka mayar katafila.

Amfanin sarƙa shi ne rarraba nauyi. Malamin gona zai iya nuna wa manoma da lissafi: injin kilo 300 a kan sarƙa biyu, kowace tsawon santimita 100 da faɗin 15, yana ɗora wa kowane murabba'in santimita giram 100 kacal. Tafin ƙafar mutum ma ya fi haka danne ƙasa. Sai dai sarƙa tana kankare ƙasa wajen juyawa, tana kuma rusa gefen fangali da bakin magudanar ruwa. Ƙafa ita ke iya tsallake waɗannan, amma tana tara nauyi a wuri ɗaya, ga jinkiri da cin batir.

Don haka masana suka ƙera mutum-mutumin da ke sauya siffa. CHIMP na Jami'ar Carnegie Mellon yana da sarƙa a kan gaɓoɓinsa huɗu: yana gudu kamar tankar yaƙi, in aiki ya taso ya miƙe a kan na baya ya yi amfani da na gaba a matsayin hannu. Shi ya zo na uku a gasar DARPA ta 2015. Don aikin ceto aka yi shi, kuma tsadarsa da wuyar gyaransa sun fi ƙarfin mai lambu.

Abin da manomi zai ɗauka a nan ya shafi injin da ke hannunsa. A lura kada a shigar da inji gona alhali ƙasa tana jiƙe sharkaf. A dunƙula ta a hannu, idan ta manne kamar tuwo a dakata. Ƙaramar taraktar hannu a sauya mata tayar roba da ƙafafun ƙarfe masu faɗi irin na fadamar shinkafa. A ware hanya ɗaya da injin zai riƙa bi kullum, a kuma shimfiɗa katako a kan magudana kafin a tsallaka da shi.