Filin Shawara: Maigidana ya cika mini falo da ƙwarin dutse

Gwaggo, ni matar aure ce a Unguwa Uku, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana ɗan kasuwa ne, kuma tsakani da Allah ba ya yawon dare, ba ya ɗaga mini murya. Shekarun baya ya bi 'yan'uwa ziyara Fas, ya dawo mana da turare da jallabiyoyi, sai kuma wani baƙin dutse da wani abu kwance a kansa, kai ka ce kyankyaso ne mai ƙwala-ƙwalan idanu. Daga guda ɗayan nan yanzu sun haura talatin. Ya sa kafinta ya yi musu kabad mai gilashi a falo, duk wanda zai je Maroko sai ya ba shi sautu, bayan isha'i kuma ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duƙufa a kansu har in yi barci. Hajiyarsa ta zo ta gani, ta ce a fitar mata da kayan tsafi daga gidan ɗanta. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce in yi hattara, irin abin da masu asirin kuɗi ke ajiyewa ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, zangon da ya wuce sai da aka koro yara saboda kuɗin makaranta, a makon kuma aka kawo masa wani sabo mai ƙahoni. Zuciyata na raya mini in ba almajiri su ya kai bola ranar da ya yi tafiya. Ki ba ni shawara.
'Yarki, daga Unguwa Uku.

'Yata, kafin komai ki bar zancen bola. Ranar da kika yi haka magana ta tashi daga kan dutse ta koma kan amana, ki wayi gari ke ce mai laifi alhali gaskiya na hannunki. Abu biyu kika haɗa a wasiƙarki: tsoro da haƙƙi. Tsoron zan cire miki shi yanzu.

Abin da ke cikin kabad ɗin nan sunansa tirilobait. Dabbar teku ce, dangin ƙaguwa da kunama da gizo-gizo na nesa, irin halittun da ba su da ƙashi a ciki sai ɓawo mai tauri a waje. Masana duwatsu sun ƙiyasta ta bayyana kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce, ta ƙare ƙaf wajen shekara miliyan 252, kuma zuwa yau an tantance nau'inta fiye da 20,000. In ɗaya ta mutu, ko ta yi saɓa ta yar da tsohon ɓawo, sai laka ta binne shi a ƙasan teku. Laka ta hau kan laka, ta danne, ta ƙame ta zama dutse, siffar tana nan ciki. Ki ɗauko ɗaya da rana ki duba. Za ki ga faffaɗan kai, sai gaɓoɓi a jere, sai 'yar wutsiya, jikin kuma ya rabu gida uku a tsaye: tudu a tsakiya, gefe biyu a kwance. Wata za ki tarar da ita a dunƙule kamar bushiya, haka suke yi in sun ji haɗari, a haka kuma ajali ya riske ta.

Kudu maso gabashin Maroko, inda yau galibi rairayi ne da ƙeƙasassun tsaunuka, a da can ƙasan teku ne. A garuruwan Alnif da Arfud da Risani, kusa da kufan Sijilmasa inda a da ayarin raƙuma ke tashi su keto Sahara, haƙar wannan dutse sana'a ce da ake ci da iyali da ita. Mahaƙi zai bi layi ɗaya a jikin tsauni da diga da guduma, ya yi ta fasa, har ya ga wani siririn baƙin zane a fuskar abin da ya fasa, ya gane akwai dabba a ciki. Sai ya manne ɓarin biyu da gam ya kai wa mai gyara, shi kuma ya yi kwanaki, wani lokaci makonni, yana ɓanɓare dutsen da tsinin ƙarfe har siffar ta fito. A shagunan tsaraba na Fas da Marrakesh a baje suke a fili, kusa da fitilu da takalma. Amsar maƙwabciyarki ke nan. Mai asiri ɓoye kayansa yake yi a ƙuryar ɗaki, ya hana a taɓa, ya hana a tambaya. Mijinki a falo ya jera nasa, bayan gilashi, inda duk baƙo zai gani. In har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, ku ɗauki ɗaya tare ku kai wa malamin da kuka yarda da shi. Hajiya kuwa ba ke za ki yi musu da ita ba. Ɗanta ne zai je har ɗakinta ya zauna ya yi mata bayani cikin ladabi, in ta ce ba ta son ganinsu, ya mayar da kabad ɗin ɗakinsa.

Na san tambayar da ke ranki: to me ya sa ɗaya bai ishe shi ba? Domin a idonki duk ɗaya ne, a idonsa kowanne daban. Akwai Flexicalymene, ɗan ƙarami mai launin ƙasa, shi ne mai araha, kusan kowa da shi yake farawa. Akwai dangin Phacops, masu manyan idanun da kika faɗa, kuma nan ne gilashin nasa yake aiki: kowane ido ɗauke yake da ƙananan ƙwayoyi a jere reras, layi bisa layi, kowace ƙwaya ta ma'adinin kalsayit ce, wanda ke cikin dutsen da ake siminti da shi. Idon da ya kalli hasken ruwa shekara kusan miliyan 400 da suka wuce, yau mutum na zaune a Kano yana ƙirga ƙwayoyinsa. Ni kam ban taɓa kallon wannan ban yi tasbihi ba. Mai ƙahonin da ya ɓata miki rai ina kyautata zaton Dicranurus ne, mai ƙahoni biyu da suka lanƙwasa baya. Akwai Walliserops, wanda wani mashi mai baki uku ya fito masa a goshi, wasu masana na ganin da shi suke karo da juna. Akwai Erbenochile, mai dogayen idanu a tsaye da 'yar rumfa a samansu. A 2019 masana suka bayyana wasu da ake kira Ampyx daga yankin Zagora, an same su a jere cikin layi, wannan na bin wancan, sun kai shekara miliyan 480 a haka. Mai tara irin na yanki ɗaya so yake ya ga yadda teku guda ya ƙunshi siffofi barkatai, da yadda suka yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani. Wannan ilimi ne, kuma ba na son ki raina shi.

Yanzu haƙƙinki. A koro yara daga makaranta a makon da aka sayi dutse, wannan kuskure ne, babu wani kwaskwarima da zan yi masa. Dutsen da ya yi shekara miliyan ɗari huɗu a kwance zai iya jiran wata ɗaya, jarrabawar yaro ba ta jira. Amma ki lura da yadda za ki shigo da maganar. Kada ki soma da "waɗannan ƙwarin naka", nan take zai toshe kunne. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki ce: "Abban yara, ranar da aka koro su na ji kunya ƙwarai, na san kai ma ba ka ji daɗi ba. Ina roƙon mu riƙa ware kuɗin makaranta da na cefane tun farkon wata, abin da ya yi saura ka yi sha'awarka da shi." Ki tsaya a nan. Kada ki jawo Hajiya, kada ki jawo maƙwabciya.

Na kuma ji wata 'yar magana da kika saka a tsakiya, "har in yi barci". Wannan ma haƙƙi ne, ki faɗa masa a fili cewa kina bukatar hirarsa. Hanya mafi sauƙi, wani dare ki ja kujera ki ce ya nuna miki idon nan. Ki kira yaran su ma. Mai sha'awar abu ba abin da yake so kamar a tambaye shi, kuma mutumin da kika saurara ya fi saurin sauraronki.

*

Gwaggo, ni ɗalibi ne a Gyadi-Gyadi. Na tara kuɗin tara na sayi tirilobait ɗaya a hannun wani a Facebook, abokaina na cewa roba ce. Yaya zan gane? Kuma in na hau Dala ko Gwauron Dutse da guduma zan samu?
Ɗanki, daga Gyadi-Gyadi.

Ɗana, abokanka ba su yi zancen banza ba, domin jabu ya yi yawa a wannan kasuwa. Ana zuba narkakkiyar roba a mazubi, a manna a kan dutse na gaske, a shafa baƙin fenti. Ka samo gilashin ƙara girma ka fita rana. In ka ga ƙananan ramuka irin na kumfa a bayan dabbar, roba ce. In irin mai manyan idanu ne, ka nemi ƙwayoyin idon. Jabu yakan fito sumul ko a dagule. Ka juya dutsen ka nemi layin tsagewa da ya ratsa shi ya ratsa dabbar. Mutane na ɗauka aibi ne, alhali sau da yawa shi ne shaidar cewa fasa dutsen aka yi aka same ta. Gwaji na ƙarshe, ka gasa allura ta yi ja ka ɗora a wani lungu da ba a gani: dutse ba zai ji komai ba, roba za ta narke ta yi wari. Ka guji farantin da aka jera nau'i biyar ko shida a kai, kowanne cikakke, da kuma ƙato mai ƙayoyi da aka yi maka araha. Gara ƙaramin Flexicalymene na gaske mai ɗan karaya.

Dala kuwa ka bar gudumarka a gida. Wuri ne na tarihi, ba a fasa shi, kuma ba za ka samu ba. Saman Dala da Gwauron Dutse jan marmara ne mai tama, a ƙarƙashin Kano kuma tsohon dutse ne da ya sha wuta da matsi a cikin ƙasa, ba lakar teku ba ce da za ta adana gawa.

Amma kada ka ɗauka ƙasarmu ba ta da nata. Bayan tirilobait ya ƙare da daɗewa, wani teku ya ratso Sahara ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato da kudancin Nijar. Dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina cike yake da ɓawon halittun ruwa, a Dange da Wurno ana samun haƙoran kifi da ƙasusuwan kada da kunkuru. Akwai wata ƙatuwar dabbar teku mai siffar ƙadangare da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, sunan garin Goronyo ta ci. A Ashaka ta jihar Gombe ana tono amonayit, masu naɗaɗɗen ɓawo. A Gadufawa ta jihar Agadas aka tono Ouranosaurus da Nigersaurus da ƙaton kadan nan Sarcosuchus, kuma in Allah ya kai ka Yamai ka shiga gidan tarihi na Boubou Hama ka ga ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi a tsaye. Abin da ke damuna shi ne yaranmu sun san sunan na Amurka daga fim, ba su san na Goronyo ba.

Kada ka ɗauki jaka ka nufi daji kai kaɗai, halin tsaro bai ba da wannan ba, ma'aikatar siminti kuma ba a shiga sai da izini. Ka je sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Bayero, ko na Ahmadu Bello a Zariya, ka gaida malamai ka nuna musu abin da ka saya. Sannan ka sayi littafi ka riƙa rubuta wa kowane dutse sunansa, garin da aka haƙo shi, da ranar da ya shigo hannunka. In mai sayarwa ya kasa gaya maka daga wane tsauni aka samo, ka rage kuɗin da za ka ba shi, domin dutsen da ba a san asalinsa ba rabin amfaninsa ya tafi.

*

Hajiya Gwaggo, wani ya ce in kawo jarina mu sayo duwatsun tirilobait, wai Turawa na sayensu da miliyoyi, wai kuma garinsu maganin ciwon baya ne. In shiga?
Ƙaninki, daga Tarauni.

Malam, kada ka shiga. Gaskiya ne akwai masu tsada a Turai da Amurka, amma waɗannan nau'i ne da ba a cika samu ba, waɗanda ƙwararru suka gyara, kuma dillalan can kai tsaye suke saye daga Alnif da Arfud, ba su bukatar ya biyo ta Kano. Abin da zai iso hannunka shi ne na tsaraba da na roba. Batun magani kuma, garin dutse ne da gam da fenti, kada ka sha, kada ka ba kowa. In bayanka na ciwo ka je asibiti, jarinka kuma ka bar shi a sana'ar da ka sani.