Sake Tsarin Biyan Bashi da Abin da Yake Bari a Sunan Mutum

A da, idan ɗan kasuwa a Sakkwato ya nemi a ba shi kaya bashi, shaidarsa tana bakin mutane. Uban ɗaki zai aika a tambayi maƙwabcin rumfa ko dattawan layi: wane yana cika alkawari? To, wannan tambaya ba ta mutu ba, sai dai yanzu kwamfuta ake yi wa ita. Akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Nijeriya ya ba lasisin tara bayanan masu cin bashi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar da aka kafa a 2017 ta ƙarfafa aikinsu. Bankuna suna aika musu labarin kowane bashi da yadda ake biyansa. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, ba sauran wanda zai ci bashi a wannan banki ya shiga na gaba da shi a matsayin baƙo.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasa biya ba kullum ne yake zama rashin gaskiya ba. Mutanen Sakkwato ba su manta gobarar da ta ci Sabuwar Kasuwa a watan Janairun 2021 ba. A ɗauka mai shagon atamfa ne, ya karɓi rancen banki ya saro kaya, ya wayi gari ba kayan ba shagon. Hanya biyu ce a gabansa: ko ya kashe waya ya daina bi ta ƙofar bankin, ko ya wanke ƙafa ya je ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya same ni, a sake mini tsarin biya."

Sake tsari yana nufin a tsawaita lokaci, ko a rage abin da ake cira duk wata, ko a ɗaga masa ƙafa na wasu watanni kafin ya ci gaba. Ba alfarma ce ta ɓoye ba. Lokacin annobar korona a 2020, Babban Banki da kansa ya ba bankuna izinin yin haka, ya kuma ɗage biyan nasa rancen tallafi har shekara guda.

Amma a sani, abin ba kyauta ba ne. A banki mai kuɗin ruwa, tsawaita lokaci yakan ƙara jimillar abin da za a biya. Sannan duk mai ba da bashi da ya ga an taɓa sake wa mutum tsari zai yi taka-tsantsan: ya rage adadin da zai bayar, ko ya nemi jingina, ko ya ce a kawo mai tsayawa. Wanda kuwa aka yafe wa wani ɓangare ya biya saura, tabonsa ya fi wannan. Duk da haka, babu wanda ya kai mai shiru asara. Da zarar biya ya yi jinkirin kwana 90, banki zai sa bashin cikin jerin masu matsala, makin amincin mutum a wajen kamfanonin tara bayanai ya faɗi, kuma wannan labari yana zama a ajiye shekaru, ba watanni ba. Ƙari a kan haka, tun watan Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar ɗebe haƙƙinsa daga duk wani asusu da ke ɗauke da BVN ɗin mai bashi, ko da a wani banki yake. Yawancin mutane sun sa hannu a kan wannan sharaɗi ranar karɓar kuɗi, murna ta hana su karantawa.

Nan ya kamata a ja kunnen manoma. Shirin rancen noma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 ya iso fadamun Sakkwato, kuma da yawa sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa. Takarda ba ta san wannan magana ba, bashi ta rubuta. Haka ma'aikacin da ke cin rancen waya don ya toshe wani rancen wayar kafin albashi ya shigo: wannan ba tsari ba ne, jinkirta ranar kunya ce da tsada.

Wanda aka yarda a sake wa tsari, kada ya yarda da maganar baki, komai kirkin jami'in bankin, don ana canja wa ma'aikata wurin aiki. A rubuta sabon adadi, da ranar biya, da lokacin ƙarewa, kowa ya sa hannu. Musulmi bai kamata a tuna masa wannan ba, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ya ajiye rasit na kowane wata. Ranar da ya gama, ya karɓi takardar shaidar cewa ba a bin sa komai. Bayan wata biyu ko uku ya nemi rahotonsa daga kamfanonin nan, doka ta ba shi damar samu kyauta sau ɗaya a shekara. Idan ya tarar har yanzu ana nuna ana bin sa, ya rubuta ƙorafi ga bankin da kamfanin, ya haɗa da kwafin takardar, asalin kuwa ya bar ta a gida.