Darasi A Kan Ziyarar Dangi Da Ke Nesa

Abin karantawa: Fitowa 18; Luka 2:41-50.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Ma'ana, ba da baki kaɗai a ke riƙe ɗan'uwa ba, sai an tashi an je an gan shi. Amma akwai gidaje da yawa cikin Gusau da Tsafe da Bunguɗu inda ƙafa ta yi nauyi. Wani yana da uwa tsohuwa a ƙasar Malumfashi, wani ƙanensa yana aiki a Kaduna, wata kuwa 'yarta tana aure a Sakkwato, shekara biyu ko uku ba a ga juna ba. Bari mu bincika dalilin wannan, mu ga kuma abin da ya wajaba a kanmu.

1. Iyaka ba ta raba jini

Dattijon da aka haifa a Gusau zamanin Turawa, cikin Lardin Sakkwato aka haife shi. A 1967 ya zama mutumin Jihar Arewa Maso Yamma, a 1976 na Jihar Sakkwato, ran 1 ga Oktoba 1996 kuwa na Jihar Zamfara, alhali bai taɓa sake gida ba. Wansa da ke Sakkwato ya wayi gari mutumin wata jiha. Haka kuma mai fita daga Tsafe ya nufi Funtuwa, kafin ya gaji da zama ya iso 'Yankara, ya shiga Jihar Katsina ke nan. Gwamnati ce ta ja waɗannan iyakoki domin aikin mulki. Kada fa mu ja su cikin zukatanmu.

2. Abin da ke hana mu

Iyayenmu sun tafi da ƙafa da jaki. Daga baya dogo ya taso daga Zariya, ya bi ta Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, suka shiga jirgin ƙasa. Mu muna da mota, amma muna da namu wahalai, kuma ba daidai ba ne mu ɓoye su. Na fari, tsoro: 'yan bindiga sun tare matafiya sau da dama a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, suka kwashe mutane zuwa daji. Na biyu, kuɗi: sa'anda aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota ya hau ƙwarai. Na uku shi ya fi ɓoyuwa, wato waya. Mutum ya kan ce, ai na kira su jiya. Waya abu mai kyau ce, amma ba ta nuna maka rumbun da ya ƙare, ko ramar da tsohuwa ta yi, gama kowa ya san za ta ce maka lafiya lau. Ku tuna kuma da watan Satumba 2021, sa'anda aka rufe layukan waya a dukan Zamfara har makonni. Wanda zumuntarsa duka tana cikin waya, a kwanakin nan ya rasa ta.

3. Misalin Yetro

Cikin Fitowa 18 surukin Musa ya taso daga Midiya, ya kawo masa matarsa da 'ya'yansa biyu a jeji. Ku lura da abu huɗu. Ya aika da labari kafin ya iso. Musa kuwa, ko da ya ke shugaban jama'a ne, ya fita ya tarye shi da ladabi, suka tambayi lafiyar juna. Washegari Yetro ya ga Musa yana shari'a tun safe har yamma shi kaɗai, ya ba shi shawara ya zaɓi amintattun mutane su ɗauki kaya tare da shi. Sa'an nan ya koma ƙasarsa. Da Yetro ya aiko da gaisuwa kawai, da bai ga gajiyar Musa ba. Idon da ya zo shi ne ya gani.

4. Shirin tafiya

Dogara ga Allah ba ganganci ba ne. Rigakafi ya fi magani.

Ka sanar da masu masaukinka ranar zuwanka, ka tambaye su halin hanya a gefensu, ka gaya wa wani dattijo a gida inda za ka da ranar komowa.

Ka shiga mota cikin tasha, inda aka san direba, kada ka tsaya bakin hanya domin neman rangwame. Ka yi sammako yadda za ka sauka da sauran rana. Kadan mota ba ta cika ba har la'asar, gara ka kwana ka tashi gobe. Kadan aka ce hanya ba lafiya, ka fasa, ba abin kunya ba ne, ka sa wata rana.

Ka ware kuɗin komowa dabam, kada ka taɓa shi. Ka rubuta lambar mutum biyu a takarda ka sa cikin aljihun yaro, gama waya ta kan mutu. Ka riƙe guzuri da ruwa da maganin da ka saba sha.

Ka ƙirga yaranka duk inda aka tsaya. Yusufu da Maryamu sun yi tafiyar yini guda suna zaton yaron yana cikin ayari, sai bayan kwana uku suka same shi. Kowa yana tsammani yana hannun wani, haka yaro ya kan ɓata.

5. A gidan mutane

Kada rashin tsaraba mai tsada ya hana ka tafiya. Mudun gero, ko daddawa, ko kwalbar man gyaɗa ta isa. Uwa fuskarka ta ke nema. Kada ka ci bashi domin a ce ka yi arziki. In ka sauka, ka zaga dangi duka, har da waɗanda addininku ba ɗaya ba, gama jini ɗaya ne, kuma halinka za su karanta. Ka sa hannu cikin aikin gida. Ka kai yaranka gaban kakanninsu su durƙusa su gaishe su, su ji sunayen dangi, domin kada wata rana su gamu da ɗan baffansu a kasuwa su wuce. In akwai tsohuwar gaba, ka fara neman gafara. Sa'an nan ka tuna baƙo raɓa ne: ka tashi tun ana marmarinka.

Wanda kuwa ba shi da ƙarfin tafiya, saboda tsufa ko rashi, bari 'yan'uwa cikin ekklesiya su ɗauki saƙonsa, su je su gano masa mutanensa da idonsu.

Tambayoyi

1. Wane abu ne Yetro ya gani wanda ba zai ji ta bakin manzo ba?
2. Ina bambanci tsakanin hankali da tsoro cikin sha'anin tafiya?
3. Wanene cikin danginka ka fi daɗewa ba ka gani ba? Yaushe za ka je?